Shekarar da Zabi Suka Biyo Ni

Da na koma Garwa a farkon daminar nan, ba dogayen gidajen siminti ne suka fara gaya mini cewa gari ya canza ba. Kunnena ne ya gaya mini. Na sauka a gidan ƙanena da ke bayan gari, na yi sallar asuba, na fito ƙofar gida na tsaya ina jiran wata ƙara da na saba da ita tun ina yaro, ba ta zo ba. Babura na ji, da injin niƙa, da rediyon mai shayi. A da kuwa, a daidai wurin nan, da gari ya fara haske sai dajin bakin Binuwai ya ɗauki hayaniya kamar an zuba tsakuwa cikin kwanoni ana girgizawa. Zabin daji ne ke saukowa daga kan marke da tsamiya, garke bayan garke, kowa na magana ba mai sauraron wani. Mata sun san lokacin hura wuta da wannan hayaniya, mahauta sun san lokacin kama hanyar mayanka. Na yi yawo a duniya gwargwado, na ji wayewar gari a gonakin shinkafar Yagwa, na ji ta Kusiri da Larabcin masu kifi, na ji ta tashar jiragen ruwan Duwala da ta ƙasar Faransa, amma ban taɓa jin safiya mai yawan surutu da daɗi irin tamu ba.

Abin dariya, a Amurka aka tuna mini da wannan labari, lokacin da na je duba 'yata da ke aure a can. Maƙwabcinsu wani dattijo ne manomi, mai son hira, ni kuma Turancina na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Wata safiya ya ɗauke ni a mota zuwa bakin gonarsa ya nuna mini talotalon daji, manya ƙwarai, namijin ya baje wutsiya yana taƙama. Ya fito da wani ɗan akwatin katako ya goga, sai ga kukan mace, namijin nan ya amsa har wuyansa na rawa. Ya ce mini a wajensu gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ranar buɗe farauta. In an buɗe da wuri, ana kashe manyan maza tun ba su gama da matan ba, ƙwai ya yi ƙaranci, baɗi daji ya yi shiru. In an jinkirta har matan sun kwanta a sheƙa, mazan sun gama aikinsu, kaɗaici ya dame su, suna jin kira suke zuwa, maharbi ya samu, garke kuma bai ragu ba. Na yi dariya har ya tsorata. Na ce masa kawuna ya san wannan magana ba tare da ya taɓa riƙe alƙalami ba, sai dai tsuntsunmu ya bambanta da nasu. Namijin talotalo da ya gama barbara ba ruwansa da 'ya'ya. Zabo kuwa mijin mace ɗaya ne, shi ke gadinta, shi ke renon tsaki. Lokacin da ya fi sauƙin kashe shi, lokacin ne kashe shi ya fi ɓarna. Ni na san haka, don da hannuna na yi ɓarnar.

A zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, lokacin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su yi lodin auduga da gyaɗa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mahauci ne mai teburin nama a babbar kasuwa, amma rabin zuciyarsa a daji take. Maharban unguwarmu sun kai ashirin, akwai Hausawa mahauta, akwai Fulani, akwai manoman dutse, kuma duk bakin Kawu suke jira. Ba wanda ya naɗa shi, sai dai ba wanda ke ɗura bindiga sai ya ce a ɗura. Bayan an yanke dawa, ciyawa ta bushe, sai ya je bakin ruwa shi kaɗai ya tsuguna yana duba sawu a kan yashi. In sawun zabin bana ya kusa kai na iyayensu girma, sai ya dawo ya ce gobe a fito. Haka za a yi ta farauta duk rani. Ran da kuwa ya ga garke ya watse, zabi sun fara tafiya bibbiyu, sai ya shafe bindigarsa da man gyaɗa, ya naɗe ta da tsohon zane, ya soke ta a rufin ɗaki. Ya kan ce, "Sun yi aure. Bindiga ta yi barci."

Bindigar nan ta kakanmu ce, irin ta ɗuri, mai dogon baki da zoben tagulla uku. Kawu 'ya'ya mata Allah ya ba shi, ya kuma faɗa a gaban mutane cewa duk ɗan 'yar'uwarsa da ya san daji shi zai gaje ta. Ni kuwa na ɗora raina a kanta. Ina da shekara goma sha tara, na gama lekol, wato makarantar boko, ina karanta Faransanci ina fassara wa dattawa takardu, kaina ya cika da iska. "Ɗan lekol" suke ce mini, wani lokaci da yabo, wani lokaci da tsiya.

Akwai aminin Kawu, Matiyu, Kirista ne manomi daga kan dutse, yana saukowa da zuma da taba ya baje kusa da teburin nama. Hausarsa ta kasuwa ce, mai sauri, tana tafe da Fulatanci a gindinta. Shi ya koya mini kukan zabuwa. Za ka saka ɗanyen ganye tsakanin manyan yatsu biyu, ka busa sau biyu, na farko gajere na biyu dogo, kir-kyak, kir-kyak. Wata biyu ina busawa a bayan gida har kajin unguwa suka daina kula ni. Ya ce mini da shi ake gane inda garke yake da rani, wata za ta amsa daga nesa, shi ke nan amfaninsa. Bai ce mini kada in yi shi da damina ba, don a ganinsa ba mahalukin da zai shiga daji da bindiga da damina.

A shekarar nan ruwa ya yi gaggawa. Mutane ba su gama gyaran rufi ba aka yi ruwa uku manya a jere, daji ya yi tsanwa cikin mako guda, ƙasa na ƙamshi. Kawu ya dawo daga bakin ruwa ya fara shafa wa bindiga mai. Ni kuwa a ranar na wuce ta ofishin daji, na karanta takardar da aka manna a bango.

Na ce, "Kawu, ai ba a rufe farauta ba. Takarda ta ce saura kwana arba'in."

Ya ce, "Wa ya rubuta?"

"Gwamnati."

"A ina?"

"A Yawunde."

"To, zabin Yawunde ne ba su yi aure ba. Namu sun yi." Ya ci gaba da naɗe zanensa.

Mutanen da ke zaune suka yi dariya, ni kuwa abin ya ci mini rai. A raina na ce tsoho ne kawai, ba ya son a ce yaro ya san abin da bai sani ba. Kwana biyu bayan haka ya tafi kasuwar shanu ta Ngong, zai yi kwana huɗu. Da asuba na shiga ɗakinsa na zaro bindiga. Goggo, matarsa, tana bakin murhu ta gan ni.

"Ɗan lekol, wannan fa ba alƙalami ba ne."

"Goge ta zan yi, Goggo."

"Da albarushi ake goge ta yanzu? Allah ya kawo mu zamani."

Ban tsaya ba. Na bi ta cikin gonaki har wata fadama da muke kira Fadamar Kanya, saboda wata babbar kanya da ke tsakiyarta. Nan ne garken da ya fi kowane girma yake. Na zauna a gindin wani sabara, raɓa ta jiƙa mini wando, na tsinki ganye na busa. Wallahi ban gama busa na uku ba sai na ji ciyawa na motsi. Zabo ne ya fito a guje, wuya a miƙe, fukafukai a ɗage, yana zuwa kai tsaye kamar wanda aka aika. Da rani sai ka yi rarrafe rabin yini kafin ka kusanci zabo, ga shi yau ya kawo kansa taku goma daga gwiwata. Na yi bisimilla na danna. Hayaƙi ya turnuƙe, kafaɗata ta yi tsami, na ruga da wuƙa na yanka shi yana sauran motsi. Na tsaya ina rawa ni kaɗai a cikin daji! Na ce ashe duk wahalar da tsofaffin nan ke sha rashin ilimi ne. Na matsa gaba, na sake ɗuri, na sake busawa, wani ya sake zuwa. Safiya uku na yi, na kashe tara. Na raba wa maƙwabta, mata na sa mini albarka, 'yan mata na leƙe ta kan danga. Biyu na ajiye wa Kawu, Goggo ta soya su, ta kuma tara kawunan duka taran a cikin wata ƙwarya ta rufe. A lokacin ban gane dalilinta ba.

Kawu ya dawo da la'asar, Matiyu na biye da shi. Na kawo kwanon nama da kaina na ajiye, ina jiran yabo. Goggo ta zo ta ajiye ƙwaryar a gefe ta buɗe. Kawu ya ɗauki kai ɗaya ya duba ƙahon, ya duba jan naman da ke reto a gefen baki, ya ajiye, ya ɗauki wani. Har tara.

Ya ce, "Duk maza. Ta yaya mutum zai harbi tara ba mace ko ɗaya?"

Ni da wautata sai na tsinki wani ganye mai faɗi na busa masa. Matiyu ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni! Malam, ni na koya masa. Ban san zai kai shi daji da ruwan sama ba!"

Kawu bai zage ni ba, bai kuma taɓa naman ba. Ya ce wa Goggo ta nemo ludayi mai dogon hannu da kwando, ta zuba ƙaiƙayi a ciki. Ya ce mini, "Gobe za ka raka ni ka ga sauran abin da ka kashe."

Da safe muka shiga Fadamar Kanya mu uku. Kawu na tafe yana duba ƙasa, yana magana a hankali kamar mai karatu. Ya ce zabuwa in ta kwanta kan ƙwai ba ta ganin komai sai ciyawar da ke gabanta, mijin ne idonta. Yana tsaye a kan suri ko kututture, in damo ko tunku ya doso ya yi ƙara ya janye shi wani wuri. Da ya ji kukan wata mace kusa da sheƙarsa dole ya zo ya gani, ko tasa ce ta shiga wahala. Sheƙar farko da muka samu, gashin zabuwa ne warwatse da ɓawon ƙwai, ga sawun wutsiyar damo a laka. Ta biyu ƙwai goma sha ɗaya, ba uwa. A ta uku muka tarar da uwar a kwance, ta lafe da ƙasa, idonta kawai ke motsi, ba kowa a kan surin da ke kusa da ita. Kawu ya ja ni baya da hannu, muka bar ta da Allah. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Kwana biyu muna yawo, muka sami sheƙa huɗu da aka gudu aka bari. Kawu bai yarda a taɓa ƙwai da hannu ba, da ludayi yake ɗebowa ɗaya bayan ɗaya, wai ko uwar za ta dawo kada ta ji warin mutum, ya kan bar mata biyu. Matiyu na ɗaga kowane ƙwai ga rana ta cikin dunƙulen zane yana cewa wannan da rai, wannan ya mutu. Muka dawo da talatin da 'yan kai.

A gindin kanyar Kawu ya tsaya ya yanke hukunci. "Ga 'ya'yan mutanen da ka kashe, ka rene su. Ran da aka buɗe farauta, nan za mu fara zuwa. In garke ya tashi, za mu yi maganar bindiga. In bai tashi ba, Matiyu zai hau da ita dutse ya ba ɗansa."

Matiyu ya ce, "A'a, Malam, kada ka sa ni a tsakiyar gidanku."

"Na riga na faɗa."

A ce bindigar kakanmu ta bar gidanmu saboda ni! Ko abinci ban iya ci ba ranar. Goggo ce ta tashe ni, ta ce ƙwai ba ya jiran mai baƙin ciki, in tashi in nemo kaji masu kwanci. Haka na bi unguwa gida gida, ni da na saba shiga da takarda a hannu ana ba ni kujera, yau ina sallama ina tambayar ko akwai kazar da ta fara kwanci. Mata suka samu abin yi. Wata ta ce, "Ɗan lekol, sadakin kazar tawa nawa za ka bayar?" Wata tsohuwar Bafulatana ta miƙo mini tata ta ce in riƙe ta da mutunci, 'yar gidan girma ce. Kafin mako ya ƙare sunana ya koma Ungozoma, har a kasuwa. Na sami kaji huɗu, na gyara musu akurki a bayan ɗakin Goggo, na zuba toka saboda ƙuma.

A nan na koyi abin da ba a koyarwa a lekol. Kaza mako uku ta sani, ƙwan zabo kuwa sai ya yi huɗu. Da mako uku ya cika, wata baƙar kaza ta miƙe ta karkaɗe jikinta ta yi tafiyarta, ta ga aikin ba na ƙarewa ba ne. Goggo ta kwashe ƙwan cikin zanenta ta zauna kusa da murhu, tana ce mini, "Gudu, Ungozoma, gudu!" Na zaga unguwa uku a guje kafin na samo wata. Ran da suka fara ƙyanƙyashewa kuwa, ihun da na yi ya fito da maƙwabta. 'Yan mitsi-mitsi, kai mai zane-zane, ƙafa ja, ko bushewa ba su gama ba sun fara gudu. Ashirin da uku suka fito. Raɓa na kashe su, don haka ba a sake su sai rana ta busar da ciyawa. Shaho na son su, don haka na zama mai kallon sama. Gara ce abincinsu, kullum da yamma in cusa kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in kife ta a kan hanyar gara, da safe in ɗauko ta cike. In zan zuba musu sai in busa ganyen nan, su taho a guje su bar kajin da suka rene su suna ta faɗa. Goma sha bakwai suka rayu.

Da damina ta ja baya, gashinsu ya yi ɗigo-ɗigo, ƙaho ya fara tsirowa, na ɗaure kwanduna biyu a bayan keke na kai su Fadamar Kanya na sake su. Kawu ya ce kada in ƙara zuwa, in bar su su zama na daji. Na ce to. Amma duk bayan kwana biyu sai in cika aljihu da gero in saci hanya. Wannan ne kuskurena na biyu, shi ma da kyakkyawar niyya na yi shi.

Aka yanke dawa, ciyawa ta bushe, Kawu ya je bakin ruwa ya dawo ya ce gobe a fito. Ranar buɗe farauta ranar biki ce a wurinmu. Tun da sassafe ƙofar gidan Kawu ta cika, ana gaisuwa da harshe uku, ana gwada ɗuri, ana tsokanar wanda ya yi kuskure bara, warin albarushi ya gauraya da na kunun gyaɗa. Yaran yanzu da ke zaune kowa da wayarsa ba su san irin wannan zumuɗi ba, na maza ashirin da suka yi wata shida suna jiran safiya ɗaya. Muka isa fadama, aka ja layi, Kawu na tsakiya da bindigar kakanmu, ni a gefensa hannu wofi. Muka fara takawa. Ciyawa na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ba abin da ya tashi. Muka wuce sabarar da na zauna a gindinta. Muka kai kanya. Ko kurciya babu. Na ji wani a bayana yana cewa, "Ungozoma, 'ya'yan naka sun tafi lekol ne?" Ba wanda ya yi dariya sosai. Matiyu ya sunkuyar da kai. Na dubi zoben tagullar nan uku, a raina na ga suna hawa dutse a hannun Matiyu.

Ban san lokacin da hannuna ya tsinki ganye ba. Na busa, kir-kyak, kir-kyak. Shiru. Na sake busawa da duk ƙarfina. Sai ciyawar da ke can gefen rafi ta fara rawa, rawar na matsowa, maharba suka ɗaga bindigogi. Suka ɓullo a guje, layi guda, wuya a miƙe, ba su kauce wa kowa ba, suka ratsa tsakanin ƙafafun mutane suka kewaye ni! Goma sha bakwai cif, suna ta surutu, suna saran aljihuna. Ɗaya ya yi tsalle ya hau kafaɗata. Can baya kuma ga na daji, sun fi ashirin, sun biyo su amma sun tsaya nesa suna miƙa wuya, suna mamakin wannan hauka. Matiyu ya zube ƙasa yana dariya yana dukan cinya. Wani dattijon Bafulatani ya ce, "Kai, yau na ga abin da ubana bai gani ba! Ku harba mana, ga nama har kafaɗa!" Ba wanda ya iya harbi, kowa hawaye yake sharewa.

Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce, "Na ce garke ya tashi. Wannan bai tashi ba, zuwa ya yi."

Na tsaya da zabo a kafaɗa. Kawu ya dube ni, ya dubi na dajin da ke nesa, yana ƙirga su da leɓe. Sai ya ɗaga bakin bindiga sama ya danna. Ƙarar ta tsaga fadama, zabi kusan arba'in suka tashi lokaci guda, fukafukai na kaɗawa kamar ana buga ganguna, iska ta kaɗa mini hula, suka yi sama suka rufe kanya.

Ya ce, "Yanzu ya tashi."

Ihu ya ɓarke. Ya miƙo mini bindigar tana hayaƙi, bakinta da zafi, na karɓa. Ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce ba mai harbi a Fadamar Kanya bana da baɗi, kuma ni ne mai gadinta. Sannan ya juyo gare ni. "Ka koya musu cin abinci a hannun mutum, duk wanda ya zo da gero zai kwashe su a kwando. Yanzu ka koya musu tsoro. Daga yau in sun zo wurinka, jifa."

Wannan ya fi neman kaji wuya, ya fi tara gara wuya. Mako da mako ina zuwa, suna tahowa da murna, ina jifansu da hoge ina ihu. Wanda ya hau kafaɗata shi ya fi taurin kai, sai da na same shi a fiffike ya yi ɗingishi kafin ya yarda. Ran da na shigo fadama suka hango ni daga nesa suka tashi gaba ɗaya, na zauna a gindin kanya na yi kuka, ina kuma murna. A shekara ta uku Kawu ya tafi da ni bakin ruwa, ya nuna mini yashi. Na tsuguna na daɗe ina duba sawu, na ce a ƙara kwana goma. Takardar ofis ta riga ta buɗe farauta tun mako biyu. Ya ce, "To, kwana goma." Da muka shiga, garken da ya tashi sai da ya rufe mana rana, kowa ya koma gida da rataye, ba a kuma rasa na baɗi ba.

Duk wannan na ba ƙanena labari muna tafe, don na matsa masa ya kai ni in ga wurin. Ya san labarin, amma ya bar ni na faɗa, shi ma ya tsufa. Kanya babu ita. Rabin fadamar gonar auduga ce, rabin kuma gidaje ne da katangar bulo. Bindigar tana ɗakinsa a rataye, tsatsa ta kama bakinta, ba daji ba maharba.

Ya ce, "Yaya, har yanzu ka iya busar nan, ko haƙora sun tafi da ita?"

Na tsinki ganye a gefen hanya, na gwada sau biyu iska kawai ta fita, ya fara dariya. A na uku ta fito tsaf, kir-kyak, kir-kyak. Sai muka ji ƙara daga bayan wata katanga, fukafukai suka kaɗa, ga zabo ya dira a kan bulo. Na gida ne, wani ke kiwonsa, amma wuyan nan a miƙe, fukafukai a ɗage, yana dube-dube yana neman wadda ta yi kira. Daɗi ya kama ni, kamar ina ɗan shekara goma sha tara.

Ƙanena ya kama hannuna ya ce, "Sake, Yaya, sake! Wallahi saukowa zai yi!"

Na dubi gabas, hadarin farkon damina ya haɗu baƙi ƙirin. Na yar da ganyen.

Na ce, "Bar shi ya koma. Matarsa na kan ƙwai."